Bauchi da darasin Toyota: Inda za a koyi aikin da babu ɓarna

A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci guda 6 a sassan ƙasar nan. Kaduna ta samu Peugeot, Legas ta samu Volkswagen, Kano ta samu kamfanin manyan motoci na Fiat, Bauchi kuwa rabonta shi ne Steyr, wanda aka kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Ostiriya domin harhaɗa manyan motoci da taraktocin noma. Mafi yawan sassan da ake ɗaurawa daga waje ake shigo da su. Da kuɗin musaya suka yi ƙaranci, darajar naira kuma ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai aiki ya ja baya, ga kuma motocin gwanjo da suka cika kasuwa.

Abin lura shi ne, cikin irin wannan ƙunci kamfanin Toyota na Japan ya samo hanyarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba shi da jarin tara kaya jibgi kamar takwarorinsa na Amurka. Wani injiniyansa, Taiichi Ohno, ya mayar da hankali kan ɓarnar da ke ɓoye cikin aiki, ya kasa ta gida 7: yin kaya fiye da buƙata, zaman jira, jigilar da ba ta da dalili, ƙarin aikin da mai saye bai nema ba, tara kaya a sito, kai-komon ma'aikaci, da kayan da suka fito da aibi. Littafin The Machine That Changed the World na 1990 ne ya yayata tsarin a duniya. Japanawa na kiran gyaran da ake yi kaɗan-kaɗan kullum da suna kaizen.

Mai walda ko kafinta a Bauchi zai gane waɗannan ɓarnace-ɓarnace da kallo ɗaya. Yaron shago da ke ɓata rabin awa yana neman sifana, kai-komo ke nan. Ƙofar ƙarfe da aka yanka ba bisa awo ba, aibi ke nan. Maganin farko ba ya cin ko kwabo, kuma matakai 5 ne: a ware abin da ba a buƙata, a ba kowane kayan aiki mazauninsa, a share wuri, a mayar da hakan ƙa'ida, a kuma ɗore a kai. Na biyu shi ne tambayar "me ya sa?" har sau 5 a jere, domin a kai ga tushen matsala kafin a ɗora wa wani laifi.

Wuraren koyo suna nan kusa. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi duk suna koyar da aikin injiniya, kuma ɗalibansu na fita horon sanin makamar aiki a masana'antu. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, shi ke kula da wannan horo, yana kuma shirya kwasa-kwasai ga ma'aikata. Cibiyar Bunƙasa Ƙwazon Aiki ta Ƙasa, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago, an kafa ta ne takanas domin irin wannan aiki, yayin da hukumar SMEDAN ke kula da ƙananan masana'antu. A intanet, jami'ar MIT ta Amurka ta saki darussanta kyauta, ciki har da na wannan fanni. A Afirka kuwa, Habasha ta kafa cibiyar kaizen ta gwamnati a 2011 da tallafin hukumar JICA ta Japan.

Sai dai ba kowane ɓangare na tsarin zai zauna daram a Bauchi ba. Dabarar kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu ta dogara ne da tsayayyar wutar lantarki da hanya mai kyau. Mai injin casar shinkafa da ya ƙi ajiye shanshera da kaka, zai saye ta da tsada da bazara. Aikinsa shi ne ya bambance ajiyar da ke kare shi da wadda ke daskarar da jarinsa.

Darasin ya shafi ofis kamar yadda ya shafi masana'anta. Fayil ɗin da aikinsa bai wuce minti 10 ba, amma ya kwana mako 2 a kan tebur, zaman jira yake yi. Sa hannu 5 inda 2 suka wadatar, ƙarin aiki ne. An kafa SERVICOM a 2004 domin sauƙaƙa wa jama'a hulɗa da hukumomi, kuma kowane jami'i na iya farawa daga teburinsa: ya ɗauki fayil ɗaya, ya bi sawunsa daga rajista zuwa sa hannun ƙarshe, ya rubuta kwanakin da ya yi a kowane zango. Inda ya fi daɗewa, nan ne gyara zai fara.