Rarrafen Motar Lantarki: Nasiha Ga Direbobi Da Masu Tafiya Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wani lungu na Unguwar Sanusi da yammaci, sa'ad da yara ke fitowa daga Islamiyya ƙungiya-ƙungiya, mai kurar ruwa na neman hanya, mai tallan gyaɗa kuma ta tsugunna dab da gaban mota tana ƙirga canji, ya san cewa da kunne mutanenmu suke tsare rayukansu, domin gurnanin inji ne ke gaya musu mota ta taso tun ba su waiwaya ba. To, ga zamani ya zo da motar da ba ta gurnani. Tun a 2020 aka fara harhaɗa Hyundai Kona mai aiki da lantarki a Ikko, lokacin da Jelani Aliyu, haifaffen Kaduna, yake shugabancin hukumar raya masana'antar motoci ta ƙasa, kuma daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin mai, hankula suka ƙara karkata ga irin wannan mota.

Mas'alar da ya kamata a fahimta ita ce ta rarrafe. Motar otomatik da muka saba, da zarar an sa ta a giya an ɗaga ƙafa daga birki, sai ta soma matsawa sannu a hankali, saboda injinta ba ya daina juyawa. Amma motar lantarki, muddin tana tsaye ba a taka totur ba, babu injin da ke juyawa a cikinta, don haka rarrafenta ɗabi'a ce da maƙeranta suka koya mata. Waɗansu sun koya mata, waɗansu sun bar wa direba zaɓi, Nissan kuwa tun 2017 ta sa wa Leaf wata dabara wadda, in an kunna ta aka saki totur, motar za ta rage gudu har ta tsaya cik.

Masu ƙin rarrafe suna cewa bai halatta ƙarfe ya motsa ba tare da umurnin mai shi ba, gama ƙafa na iya zamewa daga birki alhali yaro na gaba. Hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai a ganina ta masu son rarrafe ta fi dacewa da lungunanmu, domin direban da motarsa ke rarrafe ƙafarsa a kan birki take, in ya firgita ya danna sai ya tsaya, alhali wanda ke lallaɓawa da totur, in ya firgita ya danna, motar lantarki ba ta jira, nan take za ta zabura da ƙarfinta duka.

Amma da sharaɗi, shi ne motar ta riƙa yin sauti. Tarayyar Turai ta wajabta, tun Yuli 2021, kowace sabuwar motar lantarki ta riƙa fitar da ƙara in tana tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 a awa ba, haka nan in tana ja da baya. Tsofaffin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano, mai yiwuwa ne waɗansu ba su da wannan, saboda haka mai saye ya bincika.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka ba makullin baƙuwar mota ya fara kai ta fili, ya saki birki ya ga halinta. Kada ya fito sai ya mayar da giya kan P, domin shirunta ba dalili ne na cewa a kashe take ba. Iyaye kuma su koya wa yara dubawa da ido, masu yi wa makafi jagora su ƙara lura.

Malamanmu na fikihu, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, da mai janta, da mai korarta. In haka hukuncin yake ga jaki, wanda ke da nasa ra'ayi, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai yadda aka saita shi? Allah ya kiyashe mu ɗaukar alhakin rai.