Anaca da Asaba: Gari Ɗaya, Gwamna Biyu

Direban da ya ɗauko albasa ko shanu daga Arewa ya biyo ta Okene da Auchi da Agbor, in ya iso Asaba ya san ya kusa sauke kaya. Gada ɗaya ce ta rage tsakaninsa da Anaca, tsawonta kamar kilomita 1.4 a kan Kogin Neja. Amma da ya haye ta ya bar Jihar Delta ya shiga Jihar Anambra: wani gwamna, wasu masu karɓar haraji, wasu rasitai. Ko wutar lantarki ba kamfani ɗaya ke rabawa ba, Asaba tana ƙarƙashin kamfanin Benin, Anaca kuma na Enugu. Duk da haka mutanen wurin suna rayuwa ne kamar 'yan gari guda.

Kogin ne ya kafa garuruwan biyu. Tun kafin zuwan mota, jiragen ruwa ke sauke kaya a gaɓar Anaca, 'yan mishan suka kafa sansaninsu a can a 1857. Asaba kuwa ita ce hedikwatar kamfanin Turawa na Royal Niger har zuwa 1900. An gama gada ta farko a 1965, yaƙin basasa ya karya ta, aka gyara bayan an ajiye makamai. A 1991 gwamnatin Babangida ta yanki Delta daga tsohuwar Jihar Bendel ta mai da Asaba babban birninta, daga nan ne garin ya fara bunƙasa da gaske.

To yaya aka yi suka zama kamar gari ɗaya? Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Anaca tana da kasuwa, babbar kasuwarta na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar magunguna a bakin gada. Sai dai garin ya cika maƙil, fili ya yi tsada, hayaniya ba dare ba rana. Asaba tana da fili da tituna masu faɗi da filin jirgin sama. Saboda haka ɗan kasuwa sai ya riƙe shagonsa a Anaca, ya gina gida a Asaba, 'ya'yansa su yi makaranta a can, shi kuma kullum ya haye gada da safe ya komo da yamma. Harshe ma bai raba su ba, domin mutanen Asaba ma Ibo suke ji, ko da yake a lissafin siyasa jiharsu tana Kudu maso Kudu, Anambra kuma tana Kudu maso Gabas.

A nan ne lissafin gwamnati yake rikicewa, kuma wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar harajin kuɗin shiga ta ce mutum yana biya ne ga jihar da yake zaune, ba wadda yake aiki a cikinta ba. Ke nan wannan ɗan kasuwa, bisa ƙa'ida, Delta ce ke da harajinsa, alhali titin Anambra motocin kayansa ke ci, kuma a kwatar Anaca sharar shagonsa ke taruwa. Abin da ya rage wa Anambra shi ne kuɗin rumfa da na tasha da na lodi, shi ya sa ake matsa wa direba da ɗan dako. Fili kuma, dokar 1978 ta damƙa shi a hannun gwamnan kowace jiha, don haka takardar mallakar gidansa daga Asaba za ta fito, ta shagonsa daga Awka, babban birnin Anambra. Ita gadar da kogin da ke ƙarƙashinta na Gwamnatin Tarayya ne. Idan tirela ta lalace a tsakiyar gada, cunkoson yakan kai cikin garuruwan biyu, amma babu hukuma guda da za a ce tsarin zirga-zirgar yankin duka yana wuyanta.

Iyakar nan takan nuna ƙarfinta a lokacin tashin hankali. Tun daga 2021, da ƙungiyar 'yan aware ta IPOB ta fara umarnin zaman gida ranar Litinin, an sha ganin kasuwannin Anaca a rufe yayin da Asaba ke harkokinta, wasu 'yan kasuwa ma suka buɗe rassa a tsallake. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. A ambaliyar 2012 da ta 2022 ya mamaye Ogbaru a Anambra da ƙauyukan Oko a Delta lokaci guda, kowace jiha ta kafa sansanonin da take iyawa. Abin takaici ne a ce mutanen da ke hangen juna daga gaɓa zuwa gaɓa ba su da tsarin ceto na haɗin gwiwa mai ɗorewa.

Gada ta biyu, mai tsawon kilomita 1.6, wadda kamfanin Julius Berger ya gina aka ƙaddamar a watan Mayu na 2023, ta rage wa tsohuwar nauyi, musamman motocin da ke wucewa zuwa Owerri. Sai dai ƙarfe da siminti ba za su tsara haraji ko shara ko magudanar ruwa ba. Ya kamata gwamnonin Delta da Anambra su kafa hukumar haɗin gwiwa ta dindindin mai kasafin kuɗinta, ta riƙe sufuri da ambaliya da tsaron gadojin, kuma a ba shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi kujera a cikinta, har da na Hausawan da ke kawo abinci.