Yadda Ake Kare Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi Daga Ɓarayi

A shekarar 1989 ne kamfanin Mazda na ƙasar Japan ya fito da wata ƙaramar motar tsere mai kujeru biyu, wadda ake kira MX-5, ko kuma Miata a Amurka. Ta samu karɓuwa ƙwarai, har aka ƙera ta miliyan ɗaya a 2016. Rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi baya idan ana son shan iska. Domin lokacin sanyi da dusar ƙanƙara kuwa, akwai wani rufi mai tauri da ake saye daban a ɗora mata. To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wannan rufi ya zama abin farautar ɓarayi, musamman a biranen Amurka.

Dalilin Satar Rufin

An ƙera rufin ne da roba mai haɗe da zaren gilashi, nauyinsa kimanin kilo 20 kacal. 'Yan sakatu ne ke riƙe da shi daga ciki, a saman gilashin gaba da gefe biyu, sai wasu ƙusoshi biyu da yake zama a kansu ta baya. An tsara shi haka ne domin mai mota da mataimaki ɗaya su sauke shi cikin 'yan mintoci ba tare da makaniki ba. Wannan sauƙi shi ne rauninsa, domin abin da ya sauƙaƙa wa mai mota ya sauƙaƙa wa ɓarawo. Bugu da ƙari, rufi ɗaya yana hawa samfurin farko da na biyu, wato daga 1989 zuwa 2005, saboda haka masu nemansa na hannu suna da yawa.

Maganin da ya fi inganci shi ne a cire sakatun a sa farantan ƙarfe a madadinsu, a ɗaure da ƙusoshi masu kai na musamman waɗanda sukurdireba ta yau da kullum ba ta kama su. Aikin minti biyu sai ya koma na rabin sa'a, ɓarawo kuwa ba ya da abokin gaba kamar jinkiri. Haka kuma yana da kyau a zana lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, a wani ɓoyayyen wuri cikin rufin, a ɗauki hotonta. Da ita 'yan sanda da kamfanin inshora za su gane mai kaya.

Rufin Tamfol da Ƙararrawa

Tamfol ba ya tare wuƙa. Sau da yawa kuɗin ɗinke rufin da aka yanka ya fi darajar abin da aka sata, shi ya sa ba a barin jaka ko waya a kan kujera.

A nan zaɓin ƙararrawa yana bukatar sanin kimiyya. Motoci da yawa suna amfani da na'urar da ke cika cikin mota da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, ta saurari amsa-kuwwarsa. Da wani abu ya motsa sai amsar ta sauya, jiniya ta tashi. Wannan dabara sai a rufaffen wuri take aiki. A mota mai tamfol, kaɗawar iska kaɗai ta isa ta sa jiniya kukan banza har maƙwabta su daina kula ta. Na'urar da ke aiki da gajerun igiyoyin rediyo ta fi dacewa, domin iska ba ta ruɗa ta kamar waccan, amma tana gane shigowar hannun mutum.

Kare Motar Kanta

Babbar kariya ita ce na'urar hana tayar da inji. A cikin kan makulli akwai wani ɗan ƙwayar lantarki marar batir. Idan aka murɗa makulli, naɗaɗɗiyar wayar da ke kewaye da raminsa tana ba shi ƙarfi ta hanyar maganaɗisu, shi kuma ya mayar da lambar sirri. In lambar ba ta dace ba, kwamfutar mota ta hana mai da wuta isa ga inji. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin motoci daga 1998, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna ta rage satar motoci da kimanin kashi 40 cikin ɗari a Holan.

Tsofaffin motoci da ba su da ita ana iya sa musu ɓoyayyen makunni a layin famfon mai, a ƙara da sandar kulle sitiyari. Sababbi masu buɗewa ba tare da murɗa makulli ba kuwa, ɓarayi kan ƙara nisan siginar makullin daga cikin gida. Ajiye shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi yana toshe wannan hanya.

Sai dai a lura, na'urar hana tayar da inji ba ta san an ɗauke rufi ba. Kowane sashe da irin kariyarsa: ƙusoshi ga rufi, ƙararrawa ga cikin mota, lambar sirri ga inji, sannan gareji mai ƙofa ko wuri mai haske da idon jama'a ga dukkansu.