Inabi a Kwarin Binuwai: Ina Gizo Ke Saƙar?

Wanda ya ratsa layin masu kayan marmari a kasuwar Jimeta zai ga irin albarkar da ke cikin ƙasar nan: kankana, mangwaro ɗan aure, gwaba, gwanda, rake. Yawancinsu ba su yi wata doguwar tafiya ba kafin su hau tebur. Inabi ne kaɗai baƙo a cikinsu. Yana zuwa cikin 'yan robobi masu murfi, takardar jikinsu kuma takan nuna Afirka ta Kudu ko Masar. Ya ƙetare teku, ya kwana a ɗakin sanyi, ya sha hanya a mota, shi ya sa talaka ba ya sayensa sai in zai je dubiyar mara lafiya. Ka tambayi mai sayarwa dalilin da ba a noma shi a nan, amsarsa a bakinsa take: "Alhaji, ai inabi ɗan ƙasar sanyi ne."

Taswirar duniya tana goyon bayansa. Masu yin giyar inabi ne suka fi kowa bin diddigin wannan itace, kuma su suka shata masa iyaka: tsakanin digiri 30 da 50 daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A cikin wannan ɗamara ake samun Bordeaux da Burgundy na Faransa, Tuscany ta Italiya, Rioja ta Sifaniya, kwarin Napa na Amurka, Mendoza ta Ajantina da Stellenbosch ta Afirka ta Kudu. Musulmi ba ruwansa da giya, amma inabi halal ne, Alƙur'ani ma ya ambace shi cikin ni'imomin Allah, kuma ilimin da waɗancan mutane suka tara game da itacen zai amfani mai noman inabin ci da na zabibi. Yola tana kan digiri 9 ne kacal. Bisa wannan lissafi, magana ta ƙare.

Sai dai akwai wani gari da ya ƙi yarda da lissafin. Sunansa Petrolina, a jihar Pernambuco da ke arewa maso gabashin Brazil. Yana kan digiri 9 a kudu, kamar yadda Yola take kan 9 a arewa. Yana bakin babban kogi, São Francisco, yana kuma da ɗan tagwaicinsa, garin Juazeiro. Ba a san ƙanƙara a wurin ba. Duk da haka fiye da kashi 90 cikin 100 na inabin da Brazil ke fitarwa waje daga wannan kwari yake fitowa, ana girbi sau biyu a shekara, har masana'antun giya sun kafu a Lagoa Grande da Casa Nova. To, in rana iri ɗaya ce ke dukan garuruwan biyu, me ya buɗe wa ɗaya ƙofa ya rufe wa ɗaya? Bari mu kira waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne zafi. Kowa ya san Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke kaiwa 40, wani lokaci ya haura. Amma inabin Masar da muke saye a cikin hamada aka noma shi. Kurangar inabi tana son rana, da ita take tara zaƙi. Abin da ba ta so shi ne zafin da ya wuce 35 ya riske ta tana ɗauke da 'ya'ya: ganye yakan rage aiki, 'ya'yan su ƙone ta gefen da rana ke duka, jan inabi kuma ya kasa yin launi in dare ma bai huce ba. Ashe zafi ba ya kashe itacen, lokacin zuwansa ne abin dubawa. Mu ba shi beli, za mu sake kiransa.

Na biyu ita ce ƙasa. A nan masu giya sun bar mana darasi mai ban mamaki: gonakin da suka fi daraja a duniya ba su kan ƙasa mai ƙarfi. Na Médoc a Bordeaux kan tsakuwa suke, na Champagne kan alli, na kwarin Mosel a Jamus kan fallen dutse a gangaren tudu. Abin da saiwar ke nema shi ne ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Wannan ya fitar da baƙar lakar da ke wajen Numan, wadda rake ke jin daɗinta, ya kuma fitar da fadamun da Binuwai ke shanyewa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Amma Adamawa ba fadama ba ce duka. Akwai jigawa da ƙasa mai tsakuwa a kan tudu. Dafara ma, wadda magina ke jiƙawa don yaɓe, dangin inabi ce ta jini, kuma ba wanda ya shuka ta a dajinmu. Ƙasa ta kuɓuta.

Na uku shi ne rashin sanyi, kuma a nan ne mai kayan marmari ya kusa gaskiya. A Turai, in sanyi ya shigo, kuranga takan zubar da ganye ta kwanta barci. A kowace gaɓa ta reshenta akwai ido, kamar idon rake, kuma a cikin idon nan nonon inabin baɗi yake naɗe. Sanyin watanni ne ke sa idanun su farka tare in ɗumi ya dawo, su yi fure tare, su nuna tare. A ƙasa mai zafi kuwa itacen ba ya barci. Sai ya yi ta miƙe reshe, idon da ke can ƙarshe ya tsiro ya danne na bayansa, rumfa ta cika da ganye, 'ya'ya kuwa ɗaiɗai. Duk wanda ya taɓa dasa inabi a tsakar gida ya samu inuwa maimakon 'ya'ya, abin da ya same shi ke nan.

Manoman Petrolina sun gane cewa ba sanyin kansa itacen ke bukata ba, hutu yake bukata da kuma abin da zai tashe shi. Bayan girbi sai su rage masa ruwa na 'yan makonni har ya tsaya da girma. Sannan su aske rassan, su tsige ganye, su shafa wa idanun wani sinadari da ake sayarwa da sunan Dormex, mai tilasta musu farkawa tare, su kuma sakar masa ruwa. Bayan kamar kwana 120 sai girbi. Da yake ruwan saman wurin bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, ruwan gonar a hannun manomi yake, daga kogi ta hanyar madatsar Sobradinho da magudanan ban-ruwa. Shi ke zaɓar ranar aski, saboda haka shi ke zaɓar ranar girbi. Almakashi da famfo sun maye gurbin sanyin Turai.

Da a ce nan labarin ya tsaya, da sai mu ce a kwaikwayi Brazil kawai. Ga Binuwai, ga aikin ban-ruwa na tafkin Geriyo a gefen Jimeta, ga madatsar Kiri kan kogin Gongola. Amma akwai na huɗu da bai bayyana ba tukuna, kuma shi ne wanda ba wanda ya zarga, domin a wurinmu alheri ne: damina.

Ruwan Yola ya kusa ninka na Petrolina, kuma a tare yake zuba, daga Mayu zuwa Oktoba, cikin ɗumi da laima. Babu yanayin da cutar funfunar ganyen inabi ke so kamar wannan. Cutar daga Amurka ta shiga Faransa a 1878, ta yi ɓarna mai yawa kafin masani Alexis Millardet ya bayyana maganinta a 1885, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa da har yau ake kira da sunan Bordeaux. Ban da cuta, ruwan da ya sauka kan inabi mai nuna yakan sa 'ya'yan su kumbura su fashe su ruɓe, zaƙinsu ya tsinke. Shi ya sa yankunan da ke kewaye da Bahar Rum suka zama gidan inabi: ruwansu da sanyi yake zuwa, lokacin nunar 'ya'ya kuma sama a bushe take. Mu namu a juye yake. Manomin da ya bi al'ada ya bar kuranga ta yi fure da faɗuwar ruwa, kamar sauran amfanin gona, ya miƙa 'ya'yanta ga watan Agusta.

Nan gizo ke saƙar. Yola ta yi tarayya da Petrolina a rana, amma ba su yi tarayya a kalanda ba. Sai a nemi wurin da ke da damina irin tamu kuma yake noman inabi. Akwai shi: Nashik, a jihar Maharashtra ta Indiya, cibiyar inabin ƙasar. Daminarsu daga Yuni zuwa Satumba take, sai rani mai tsawo. Su aski biyu suke yi, girbi ɗaya. A watan Afrilu sukan aske itacen ƙwal, ya fitar da sababbin rassa a cikin rana mai ƙarfi. Hikimar ita ce, ido ba ya ƙulla nono a cikinsa sai ya sha haske da ɗumi yana ɗanye, saboda haka dole wannan aiki ya kammala kafin gajimare ya rufe sama. Damina ta zo ta tarar da ganye kawai, a yi ta feshi ana kare shi. A watan Oktoba, da ɗaukewar ruwa, sai aski na biyu, wanda ke fitar da 'ya'ya. Su yi fure su girma cikin bushewa, a girbe daga wajen Janairu zuwa Afrilu.

Ba sai an je Indiya ba kafin a ga shaidar cewa arewacin Najeriya na iya wannan noma. Ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna, mai hedikwata a Hunkuyi kusa da Zariya, ta yi suna da gonakin inabi, kuma tana kan digiri 11 ne. Sai dai ƙasar Zazzau tana bisa tudu, sama da mita 600 daga teku, Nashik ma kusan haka, Petrolina kusan 380. Yola kuwa a cikin kwari take, ba ta kai mita 200 ba. A nan ne za mu dawo da wanda muka ba beli.

Zafin Yola yakan sauko da wuri kuma da ƙarfi, don haka tagar da Zariya ke da ita mai faɗi, a nan ƙunci gare ta. Amma a buɗe take. A yi askin 'ya'ya a tsakiyar Oktoba, a ƙirga kwana 120, za a faɗa tsakiyar Fabrairu. Fure da girma da nuna duk za su kasance cikin hunturu: ba ruwa, ba laima, dare da sanyi-sanyi. In aka yi jinkirin wata guda, nunar za ta faɗa tsakiyar Maris, a yi asara. Farin inabi ya fi ja dacewa da kwarin, tunda ba ya jiran sanyin dare don yin launi, tuddan wajen Mubi kuma za su fi sauƙi. Zafin Afrilun da ake kuka da shi ma yana da aikinsa, domin shi ne zai ƙulla nonon baɗi a cikin ido.

To, an gano mai laifi, kuma ba mutum ɗaya ba ne. Rashin hutu ne ke hana 'ya'ya, damina ke ruɓar da waɗanda suka fito, bazara ke ƙona waɗanda suka makara. Maganin ukun ɗaya ne: sanin ranar da za a ɗauki almakashi.

Ba noman rago ba ne. Akwai kuɗin turaku da waya na rumfa, akwai jiran shekara biyu kafin amfani na kirki, akwai gara da tsuntsaye, sinadarin tashin ido kuma guba ne da ba a taɓa shi sai da safar hannu da horo. Abin da ya ɗaga Petrolina ma ba kogi kaɗai ba ne, har da bincike: hukumar Embrapa tana da cibiya a garin, ita ce kuma ta fitar da irin BRS Vitória a 2012, marar ƙwallo mai jure funfuna. Jami'ar Modibbo Adama da Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola, suna da ƙasa da ruwa da masana da za su gwada iri uku ko huɗu a ƙaramin fili na 'yan shekaru, su rubuta sakamakon, kafin manomi ya zuba jarinsa. Lokaci ma ya dace: azumin 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, wato buɗa-baki zai riƙa faɗowa cikin hunturu na shekaru masu zuwa, daidai lokacin da kwarin Binuwai ke iya nunar da inabinsa. Wanda ya dasa bana, shi zai tarar da wannan kasuwa.