Kalmar 'assure': asalinta, ma'anarta da abin da ya raba ta da 'ensure' da 'insure'

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ga kalmar 'assure' a kanun jaridun Turanci na Najeriya ba. Yau gwamna ne ke furta ta ga ma'aikata kan albashi, gobe kwamishinan 'yan sanda ga mazauna ƙauye kan tsaro. Masu fassara kan mayar da ita "ya tabbatar", kuma a nan ruɗani ke shigowa, domin "tabbatar" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: faɗar magana da ƙarfin gwiwa, da kuma aiwatar da abu har ya tabbata. Ma'ana ta farko ce 'assure' ke nufi a irin waɗannan kanun labarai.

Tushen kalmar yana cikin Latin, a kalmar 'securus', wadda aka haɗa daga 'se', wato "ba tare da", da 'cura', wato "damuwa". Da aka ƙara mata ɗafin 'ad' a gaba, sai ta zama aikatau mai nufin cire wa mutum damuwa. A tsohon Faransanci ta koma 'asseurer'. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a ƙasar, kuma ta wannan hanya ce dubban kalmomi suka kwarara cikin Turanci. Zuwa ƙarshen ƙarni na 14 an fara ganin 'assure' a rubuce-rubucen Turanci. Kalmomin 'sure' da 'secure' ma daga tsatson 'securus' suka fito.

Wannan asali shi ke bayyana yadda ake amfani da ita. Tunda aikinta kwantar da hankali ne, bisa ƙa'ida sai an ambaci wanda ake kwantar wa. Bature zai ce 'I assure you', ma'ana "ina ba ka tabbaci", ko 'he assured the workers of payment', wato ya bai wa ma'aikata tabbacin za a biya su. Salon da aka saba gani a kanun labaran Najeriya, inda ake rubuta 'assures on' ba tare da ambaton wanda aka yi wa alkawari ba, ya saɓa wa abin da ƙamusoshin Birtaniya suka tanada. Idan kuwa mutum ya riga ya tsorata ake so a lallashe shi, 'reassure' ake cewa.

Kalmar tana da 'yan uwa biyu da ake yawan cakuɗa su da ita. 'Ensure' na nufin ɗaukar matakin da zai sa abu ya faru, ba furuci kawai ba. Ita kuwa 'insure', tun ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar biyan kuɗi don samun diyya idan asara ta auku, kuma daga danginta Hausa ta aro kalmar inshora. Duk da haka, a Birtaniya har yanzu akan kira inshorar rai 'life assurance', kuma a Faransanci, kamar yadda masu motoci a Nijar suka sani, 'assurance' ita ce inshora kanta.

Bambancin yana da nauyi ga mai karanta labari. Idan rahoto ya ce minista ya yi 'assure' kan gyaran hanya, abin da ya faru shi ne ya yi magana, hanyar kuwa tana iya kasancewa yadda take. Saboda haka fassarar da ta fi dacewa ita ce "ya ba da tabbaci" ko "ya yi alkawari", a bar "ya tabbatar da an gyara" sai ranar da aka ga kwalta a ƙasa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma haƙƙin ɗan jarida ne ya nuna wa jama'a ko an sauke shi.