Idan yaro ya rasa jarrabawa a jami'a: bambancin uzuri da faɗuwa

'Yan uwa mazauna kudu. Da yawanku kuna Sabon Ibadan, Agege, Shagamu ko Lokpanta kuna nema, 'ya'yanku kuma suna karatu a gida, wasu a Zariya, wasu a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. Ku ke turo kuɗin makaranta, amma ba kowa ya san yadda ake lissafin sakamako ba. Ni ɗan Jere ne, a sakandare na tsaya, sai dai ni ke bin takardun ƙannena tunda Baba kullum yana hanya da shanu. Ga abin da ya kamata kowane uba ya sani.

A yawancin jami'o'in Najeriya kowane kwas maki 100 ne. Ana ware 30 ko 40 ga gwaji da aikin gida, sauran kuma na babbar jarrabawa ce. Daga 70 zuwa sama A ne, lada 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lada 4. C na farawa daga 50, lada 3, D daga 45, lada 2, E daga 40, lada 1. Ƙasa da 40 F ne, sifili ke nan. Wasu makarantun sun ɗaga makin ci zuwa 45, masu karatun likita kuwa 50 ake nema.

Sannan kwasa-kwasai ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai mai yunit 1, akwai mai 3, kamar maraƙi da bijimi a mota ɗaya. Ana ninka lada da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit. Matsakaicin duk zangunan da yaro ya yi shi ake kira CGPA. Mai 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ta ƙasa.

To ga inda gizo ke saƙar. A ce yarinya ta ci A a kwas mai yunit 3, ta ci C a mai yunit 2, ladanta 21 ke nan. Akwai kwas na uku mai yunit 3 da ba ta zauna ba saboda zazzaɓi ya kwantar da ita. Idan makaranta ta karɓi uzurinta, a zangon za a raba 21 da 5, ta tashi da 4.20, ta rubuta wancan idan lokacinsa ya zagayo. Idan kuwa shiru aka ji, F za a sa mata, a raba 21 da 8, ta faɗo 2.63. Zazzaɓi ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, takarda ce kawai ta raba su. Kuma a makarantu da yawa, ko ta sake kwas ɗin ta ci, sifilin farko yana nan cikin lissafi har ta gama.

Uzuri a jami'a ba a baki ake bayar da shi ba, kuma malamin kwas ba shi da ikon yafewa shi kaɗai. Ɗalibi zai rubuta takarda ta hannun shugaban sashensa, ta wuce tsangaya, majalisar malaman jami'a ta yanke hukunci. Idan rashin lafiya ne, a fara zuwa asibitin makaranta. Idan a waje aka yi jinya, a kai takardar likita asibitin makarantar su tabbatar da ita. Kowace jami'a da wa'adinta na kai rahoto, yana cikin littafin dokokin ɗalibai, kuma ba ya da tsawo. Wanda ya ga jinyar za ta ja, ya nemi a ɗage masa zangon gaba ɗaya a rubuce.

Mu nan kudancin Kaduna mun san wani uzurin da ya fi zazzaɓi. A ƙarshen 2016 rikici ya sa an rufe manyan makarantun yankin Kafanchan na watanni. Irin wannan ya shafi kowa, makaranta ce da kanta ke gyara jadawali. Amma idan makaranta a buɗe take, kai kaɗai hanya ta tare, to naka ne ka sanar tun da zafinsa.

Iyayenmu, don Allah kafin ku kira yaro biki ko suna, ku tambaye shi jadawalinsa. Jami'o'i da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 na darussa ba ya shiga jarrabawa. Digirin shekara 4 kuma ba a barin ɗalibi ya wuce shekara 6 a kansa, wanda ya haura shekara 30 da haihuwa kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa. Idan rasuwa aka yi, ya bar takarda a sashe kafin ya hau mota, ya riƙe kwafi mai hatimi a hannunsa. Allah Ya ba yaranmu sa'a, amin.