Duka ba gyara ba ne: ina mace za ta kai kukanta?

A bakin Komadugu babu aikin da ba hannun mace a ciki. Ita ce tsinkar tattasai, ita ce shanya, ita ce girki. Amma a wasu gidaje ladanta duka ne. Duka yana karya ƙashi, yana lalata ido da kunne, yana zubar da ciki. Hannun da ya karye kuwa ba ya tsinkar tattasai.

A al'adarmu, matar da aka doka takan yi yaji. Mijin ya je biko, iyaye su ja masa kunne. To, tun harin Boko Haram na Fabrairu 2015 a Boso da Diffa, dangi da yawa sun watse. Wata tana sansanin Sayam, iyayenta suna can nesa. Ina za ta yi yaji?

A Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a 2015 ta ba alƙali ikon hana mai duka kusantar wadda ya doka. Wannan doka ba ta aiki a Nijar. Amma mu ma muna da hanyoyi uku.

Ta farko: a je likita ranar da abin ya faru. Bayan magani, a nemi takardar likita mai bayyana raunin. Rauni yana warkewa, takarda tana nan. A ajiye ta wurin wanda aka amince da shi.

Ta biyu: a sami bulama, mai unguwa ko liman. In an yi sulhu, a yi shi gaban shaidu, a rubuta alkawarin miji, kowa ya sa hannu.

Ta uku: in raunin ya yi tsanani, ko duka ya sake faruwa, sulhu bai isa ba. A kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarmomi. Doka tana hukunta wanda ya raunata mutum da gangan, ko da matarsa ce. Akwai gidan shari'a a Diffa, da Maine Sorowa, da Ngigmi. Shi ma miji za a saurare shi, ya kawo shaidunsa. Ga marasa hali, gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ a 2011 domin taimakon shari'a kyauta.

Maƙwabta, in mun ji kuka cikin dare, kada mu ce ba ruwanmu. Mu ƙwanƙwasa ƙofa, mu raka ta likita.

Mata, mu riƙe ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta iya karatu ba ta dangwala yatsa a kan takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.